Ku Tambaya Mu Amsa: Ziyarar Ɗa'ifa, Garin Wardi da Rumman

Wasiƙun wannan makon yawancinsu a kan gari ɗaya suka taru, wato Ɗa'ifa, wanda masu zuwa Umara kan leƙa daga Makka. Mun zaɓi wasu daga ciki, mun gajarta su saboda wuri.

Assalamu alaikum. Ina shirin zuwa Umara tare da maigidana, kuma babban burina bayan ibada shi ne in ga gonakin wardin Ɗa'ifa. Amma yayata da ta je a watan Rabi'ul Awwal ta ce ba ta ga komai ba sai korayen itatuwa masu ƙaya da shagon turare. Wane lokaci ya dace a je? — Wata Hajiya daga Kano

Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya yayarki ta faɗa miki. Wardin Ɗa'ifa sau ɗaya yake fure a shekara, kuma furen ba ya daɗewa. Manoma kan sassare rassan a cikin sanyi, wajen Janairu, sannan fure ya fara buɗewa a Maris, ya cika a Afrilu. A gona ɗaya tsinkar ba ta wuce wata guda da 'yan kwanaki. Gonakin da suka fi tudu, kamar na Shafa, yankin duwatsun da ke kudu da garin, sukan ɗan makara saboda sanyi, don haka wanda ya zo a ƙarshen Afrilu can ya kamata ya nufa.

Abin da ke rikita mutanenmu shi ne muna lissafin Umara da watannin Musulunci, shi kuwa wardi kalandar rana yake bi. Watan Musulunci yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka wadda ta ga fure a Ramadan ɗin wata shekara ba za ta iya yi miki alkawarin ki gan shi a Ramadan mai zuwa ba. Ki ɗauki kalandar Bature ki duba inda tafiyarku ta faɗa. Ki kuma lura da ƙa'idar rufe Umara kafin Hajji: a 2025, ranar ƙarshe ta shigar masu Umara ita ce 15 ga Shawwal, wadda ta yi daidai da 13 ga Afrilu, aka kuma ce kowa ya fita zuwa 1 ga Zulƙida. A irin waɗannan shekaru, farkon Shawwal shi ne lokacin da ibada da fure suke haɗuwa.

Bayan wata, sai sa'a. Ana tsinkar wardi ne tun da asuba, a gama kafin hantsi ya yi ƙarfi, domin rana na ƙona man da ke cikin furen, ƙamshinsa ya tafi a iska. Motocin ziyara da ke tashi daga Makka bayan karin kumallo suna isa ne an riga an kwashe furen ranar. Shi ya sa da yawa suke dawowa suna cewa ba su ga komai ba, alhali a lokacin furen suka je. Shawararmu ita ce ku kwana ɗaya a Hada, yankin duwatsun da ke yamma da garin, ko Shafa, ku yi Asuba a can, ƙarfe shida da rabi ta same ku a gona. Za ki ga ma'aikata suna bin layi suna tsinke furen da yatsu biyu daga gindinsa, ruwan hoda mai haske, da raɓa a jikinsa, suna zubawa a kwando. Daga nan ku bi kwandunan zuwa matatar, wadda galibi tana kusa da gonar. A can ake auna furen, a zuba shi da ruwa a manyan tukwanen jan ƙarfe, a rufe a liƙe, a hura wuta a ƙasa. Tururin yana bi ta bututun da ya ratsa cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga cikin babbar kwalba mai siririn wuya. Bayan sa'o'i masu yawa sai ki ga ɗan mai ya taso ya kwanta a saman ruwan, a zuƙe shi da sirinji. Wannan ɗan man shi ne abin da duk wahalar take nema, kuma da irinsa ake haɗawa da ruwan Zamzam wajen wanke cikin Ka'aba.

Idan tafiyarku ba ta faɗa a Maris ko Afrilu ba, kada ki fasa zuwa, sai dai ki sauya abin da kike nema. Farkon bazararsu lokacin mishmish (apricot) ne, Yuli da Agusta na inabi da ɓaure da barshumi, wani ɗan itace mai ƙaya, rumman kuwa daga wajen Agusta har Oktoba.

Ana cewa Ɗa'ifa akwai sanyi. Ni kuwa na san zafin Makka, na kasa yarda cewa tafiyar sa'a ɗaya da rabi za ta canza yanayi. Zan tafi da mahaifina mai shekara 74 da ɗiyata mai ciwon sikila. Me zan tanada? — Wani malamin makaranta daga Zariya

Malam, tudu ne yake kawo bambancin. Makka tana cikin kwari, tsayinta daga teku bai kai mita 300 ba. Ɗa'ifa tana kan duwatsun Sarawat, kusan mita 1,900, wato ta fi Jos da ke wajen mita 1,200 nesa ba kusa ba. Hada ta kai kimanin mita 2,000, Shafa kuma ta fi haka. Iska tana rage zafi da kusan digiri 6 zuwa 7 a duk mita 1,000 da aka hau, don haka tsakanin Makka da Ɗa'ifa akwai ratar digiri 10 ko kusa da haka.

Amma kada a ɗauka sanyi ne kullum. Daga Yuni zuwa Agusta, cikin gari da rana yakan kai digiri 35, kuma ranar tudu tana da cizo ko da iska na kaɗawa. Daɗin yana zuwa ne bayan La'asar, lokacin da Makka ke ci gaba da turiri, nan kuwa mutane sun shimfiɗa darduma a lambu. Daga Disamba zuwa Fabrairu rana tana da daɗi, digiri 20 da ɗoriya, dare kuma ya sauko ƙasa da 10 a cikin gari, a Shafa ma yakan kusanci sifili. Ruwan sama ya fi yawa a Afrilu da Mayu, yakan zo da yamma da tsawa, wani lokaci da ƙanƙara. Idan hadari ya haɗu, kada ku zauna a cikin kwari ko busasshen rafi, domin ruwan da ya sauka a kan dutse can nesa yana iso wa mutum ba tare da ya ga ɗigo ɗaya ba.

Ga Baba: rigar sanyi mai kauri, hula, safa da takalmi rufaffe, ko da a Afrilu ne, in dai za ku fita da asuba. Silifas ɗin Harami ba ya aiki a gona ko kan dutse. Iskar wannan tsayi ta fi ta Makka sirantaka, mutum yana samun kusan kashi huɗu cikin biyar na abin da yake shaƙa a bakin teku. Lafiyayye ba zai ji komai ba sai ɗan haki a matakala. Mai ciwon zuciya, asma ko hawan jini ya tafi da magungunansa a aljihu, kada a bar su a otal a Makka, ya kuma yi tafiya a hankali.

Maganar ɗiyarka ta fi muhimmanci. Abubuwa uku da ke tayar da sikila duk suna haɗuwa a Ɗa'ifa: ƙarancin iskar shaƙa a tudu, sanyi, da bushewar jiki, don busasshiyar iskar dutse tana shanye ruwan jiki mutum bai ji ƙishi ba. Ka sanar da likitanta tun kafin ku bar gida, ka faɗa masa tsayin wurin da lamba. Idan ya amince, ku tsaya a cikin gari da Hada, ku bar Shafa, a lulluɓe ta da kyau, ta riƙa shan ruwa a kai a kai. Da zarar ta yi kukan ciwon ƙashi, ciwon ƙirji ko ɓangaren hagu na ciki, ko numfashi ya yi mata wuya, asibiti za ku nufa nan take. Lambar gaggawa a yankin Makka, har da Ɗa'ifa, ita ce 911, ta motar asibiti kuma 997.

Yaya ake zuwa daga Makka? Wasu sun ce hanyar tana da hatsari, kuma akwai birai masu ƙwace. Sannan bizar Umara ta isa? — Wani Alhaji daga Gombe

Alhaji, tun 2022 hukumomin Saudiyya suka ba mai bizar Umara damar zuwa sauran garuruwan ƙasar. Bizar Hajji daban take, tana taƙaita alhaji a Makka, Madina, Jidda da wuraren ibada, don haka wanda ya je Hajji kada ya kama hanya sai da izinin jami'an alhazansa. Ka riƙe fasfo ko takardar bizarka a jikinka, akwai wuraren bincike a hanya.

Hanyoyi biyu ne. Ta Hada ita ce gajeriya, kimanin kilomita 90, sa'a ɗaya da rabi in babu cunkoso. Tana bi ta kusa da Arfa, ta kai ƙauyen Kar a gindin dutse, daga nan ta fara hawa da lanƙwasa bayan lanƙwasa. Hanyar a gyare take, tana da faɗi da katangar kariya, amma idan hazo ya sauko ko aka yi ruwa mai ƙarfi da zai iya gangaro da duwatsu, jami'an hanya sukan rufe ta. Ta biyu ita ce ta Sail, ta fi tsawo amma hawanta a hankali ne, kuma manyan motoci galibi nan suke bi. Mutane da yawa sun biya kuɗin bas don su ga hanyar Hada, suka je suka dawo ta Sail ba su gan ta ba. Ka tambaya tun kafin ka biya.

Idan shatar ƙaramar mota za ku ɗauka, ku daidaita abu huɗu da direba kafin a tayar da mota: kuɗin na mota ne gaba ɗaya ko na kowane mutum, hanyar zuwa da ta dawowa, wuraren da za a tsaya da sunansu, da kuma sa'o'in da zai jira ku. Rigimar da ake yi a hanya kusan duka daga ɗayan waɗannan take tasowa. A Makka ba a rasa direba mai jin Hausa, kuma yana da amfani, amma jin Hausa ba ya maye gurbin ciniki a fili. Tsari mai kyau shi ne a hau ta Hada da safe lokacin da ake ganin kwari sosai, a sauko ta Sail. Wanda zai tuƙa da kansa ya sauko dutsen da ƙaramin giya. Idan aka ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin yana zafi ya daina kamawa.

Mai jiri a mota ya zauna gaba, ya ci abu kaɗan, ya sha maganin jiri rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya kafin tashi, ya bar kallon waya. Kunne zai toshe a hawa da sauka, haɗiyar yawu ko tauna cingam tana buɗe shi. Akwai kuma motar igiya mai tafiya a sama, wadda suke kira telefirik, tsakanin Hada da Kar, tsawonta ya ɗan haura kilomita 4. Ta cancanci kuɗinta idan sararin sama a buɗe yake. Ranar hazo kuwa asarar kuɗi ce.

Birai gaskiya ne, irin gwaggon biri ne, suna zama garke-garke a kan katangar hanya. Ba sa tare mota, amma sun san leda, sun san abin da ke cikinta. Kada a sauke gilashi, kada yaro ya fita da abinci a hannu, kada kuma a jefa musu komai. Hukuma ta hana ciyar da su, akwai tara, kuma ciyarwar ce ta koya musu ƙwace tun farko. In tsautsayi ya sa biri ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar.

Ranar tafiya ma tana da tasiri. Hutun mako a can Juma'a da Asabar ne, don haka daga yammacin Alhamis mutanen Makka da Jidda ke kwararowa sama, a hutun makarantu na bazara kuwa kuɗin masauki tashi yake. Lahadi zuwa Laraba sun fi sauƙi.

Idan na gama Umarata na je Ɗa'ifa yawon buɗe ido, dole ne in ɗaura harami wajen dawowa Makka? — Wata ɗaliba daga Sakkwato

Malama, niyyarki ce za ta raba. Ɗa'ifa tana bayan miƙati. Miƙatin wannan ɓangare shi ne Ƙarnul Manazil, wanda yanzu ake kira Sailul Kabir, a kan hanyar Sail, kusan kilomita 75 zuwa 80 daga Makka. A hanyar Hada kuma akwai masallacin Wadi Muhrim, wanda yake daura da shi. Duka biyun suna da wurin wanka, bandaki da masu sayar da kayan harami.

Idan kina da niyyar wata Umarar, a ɗaya daga cikin waɗannan za ki yi niyya. Wanda ya wuce miƙati da niyyar Umara bai yi harama ba, ko dai ya koma ya yi daga can, ko kuma yanka ya hau kansa idan ya yi haramar a gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne direba ya wuce ana barci ko ana hira, don haka ki faɗa masa tun a Ɗa'ifa cewa zai tsaya. Maza su taho da kayan haraminsu a jaka daga Makka, su kuma tuna cewa Wadi Muhrim a saman dutse yake, da dare a lokacin sanyi mayafi biyu ba su isa ba, gara a sauko da rana.

Idan ba ki da niyyar Umara, masaukinki kawai za ki koma, malamai sun yi saɓani. Wasu sun ce babu komai a kanki, wasu kuma, ciki har da da yawa daga Malikawa, sun tsananta a kan shiga Makka ba harami ga wanda ba mai yawan kai da komo ba ne. Haka nan Imam Malik ya karhanta maimaita Umara a shekara ɗaya, alhali wasu mazhabobin ba su ga laifinsa ba. Ki tambayi malamin da kike bi tun kafin ki hau mota, kada ki bari sai an tsaya a miƙati ana gardama a cikin bas. Game da sallah kuwa, tafiyar ta kai ta ƙasaru: a cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas yakan yi ƙasaru a tafiya irin ta tsakanin Makka da Ɗa'ifa.

Ina sayar da turare. Ina so in sayo man wardi da ruwan wardi da zuma. Ta yaya zan gane na gaske? — Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi

Alhaji, fara da lissafi. Ana sayar da man da tola, wadda ta kai kusan giram 11.7, kuma tola ɗaya tana cin fure sama da 10,000. Shi ya sa ta gasken takan haura riyal 1,000. Duk wanda ya miƙo maka tola a riyal 50 ya ce tsantsa ce, haɗi yake sayar maka. Haɗin ba laifi ba ne idan an faɗa, yana ma da kasuwarsa a wurinmu, amma ka saye shi da sunansa da kuɗinsa.

Akwai gwaji biyu masu sauƙi. Ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka ajiye: tsantsar mai yana tashi a hankali, wanda aka gauraya da man girki ko makamancinsa yana barin tabon maiƙo da ba ya tafiya. Na biyu, man wardin da aka tace da tururi yana daskarewa idan ya ji sanyi, ka ga ya yi 'yan ƙyalli a cikin kwalba, ya narke idan ka riƙe shi a tafin hannu. Masu saye da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin lalacewa, alhali alama ce mai kyau. Gwaje-gwajen nan suna kama algus mai sauƙi ne kawai, don haka abin da ya fi tsaro shi ne saye a matatar kanta, a kwalba mai hatimi da sunan masu ita da shekarar da aka tace. Kada ka shinshina fiye da uku a jere, hanci yana gajiya. Shafa a bayan hannu, ka fita ka zaga na rabin sa'a, sannan ka yanke shawara.

Ruwan wardi na gaske fari ne tas, ba shi da launi. Idan ka ga ruwan hoda, rini aka sa. Yana da daraja-daraja, wanda ya fara fitowa daga tukunya, da suke kira arusa, shi ya fi ƙarfi da tsada. Ka tambaya ko na sha ne ko na shafawa, don ba duka ake sa wa a abinci ba. Zafi da haske suna kashe ƙamshin duka biyun, kuma wannan shi ne babban abin da zai dame ka a Maraɗi: kada ka jera su a gaban shago inda rana ke bugawa, ka sayi abin da za ka iya sayarwa a shekara.

Zuma kuwa akwai ta sidir, wato magarya, akwai ta samur, wani icen ƙaya, mai duhu. Ba duk zumar da ke kasuwar Ɗa'ifa ce ta Ɗa'ifa ba, akwai ta ƙasashen waje da yawa, don haka karanta takardar jikin kwalba. Daskarewa ba ta nuna jabu. Wajen ɗauko kaya, lita ɗaya ta zuma ta kai kusan kilo 1.4, ka lissafa da nauyin da jirginka ya yarda. Duk ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Naɗe bakin kowace kwalba da salatif, ka sa ta a leda biyu, ka cusa a tsakiyar tufafi.

Maigidana ya dawo yana ta santin wani abinci wai shi salig. Mene ne shi, kuma zan iya yinsa a gida? Me kuma ya kamata in ɗanɗana idan na je? — Wata uwargida daga Kumasi

Uwargida, salig abincin Hijaz ne, kuma mutanen Ɗa'ifa sun yi suna a kansa. Shinkafa ce da ake dafawa a romon nama ko kaza har ta narke, a ƙarasa ta da madara da man shanu, kaurinta tsakanin kunu da tuwo. Za ki iya yinsa da abin da ke kasuwarku.

Ki sa kaza ɗaya a ruwa lita biyu da rabi, da albasa ɗaya, hel (cardamom) guda 6, kirfa sanda ɗaya, gishiri, da ƙwayar mastaka, wani ƙaro mai ƙamshi, guda 2 in kin samu. Ki kwashe kumfar da ta taso, ki bar ta ta dahu kamar minti 40, ki tsame kazar, ki tace romon. Ki wanke shinkafa kofi 2 ki jiƙa na rabin sa'a. Gajeriyar shinkafa ake so, ta tuwo ta yi daidai. Doguwar da aka turara ba ta narkewa, ko kin kwana kina dafawa za ta tsaya tsintsiya-tsintsiya a cikin ruwa. Ki zuba ta a romo kofi 6, ki rage wuta, ki rufe na minti 30 zuwa 40 har ƙwayar ta fashe. Sai a lokacin za ki zuba madara mai ɗumi kofi 2. In ta gari ce, cokali 8 a ruwa kofi 2. Ki riƙa juyawa da muciya har ƙasan tukunya na minti 10 zuwa 15, sannan ki sa man shanu cokali 3. Kazar kuma ki shafa mata man shanu da barkono baƙi, ki gasa ko ki soya sama-sama har ta yi ja, ki ɗora a kan shinkafar a faranti mai faɗi.

Inda ake samun matsala wuri uku ne. Idan aka sa madara da wuri, tana kamawa a gindin tukunya, ƙaurin ya bi abincin duka. Idan aka sauke shi da kauri, kafin a kai shi gaban mutane ya sandare, don haka ki sauke yana da ɗan ruwa-ruwa, ki kuma ajiye romo mai zafi na sassautawa. Na uku, shi kaɗai salig ba shi da yaji, bakin da ya saba da attaruhu zai ji shi lami. Abin da ke tashinsa shi ne duggus: tumatir 3, attaruhu 1, tafarnuwa ƙwaya 2, ganyen kuzbara (coriander), gishiri da ruwan lemon tsami, a markaɗa ɗanye, ba a soyawa. A gefe ake ajiye shi. Kada ki zuba a tukunya, tsamin zai tsinka madarar.

Idan kin je, ki karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, ko ma'asub na ayaba da burodi da zuma. Barshumi, ɗan itacen nan mai faffaɗan ganye da ƙaya, kada ki taɓa shi da hannu, ƙayarsa siririya ce ba a ganinta, ki bar mai sayarwa ya fere miki, kuma kada a ci da yawa, 'ya'yansa suna ɗaure ciki. Rumman ki zaɓi mai nauyi a hannu wanda fatarsa ta miƙe. A bakin hanya ana sayar da na wasu wurare da sunan na Ɗa'ifa, musamman idan ba lokacinsa ba ne, don haka rumman ɗin da aka ce miki na gonar nan ne a watan Maris ki san daga nesa ya zo.

Kwana ɗaya kawai muke da shi. Waɗanne wuraren tarihi da lambuna za mu fifita? — Wani matashi daga Garwa

Samari, ku fara da unguwar Masna, inda tsofaffin lambunan garin suke. A shekara ta goma bayan aiko shi Manzon Allah (SAW) ya zo Ɗa'ifa tare da Zaidu ɗan Harisa yana kiran ƙabilar Saƙif, suka ƙi, suka sa aka jefe shi, ya fake a lambun Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, inda bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. A wannan yankin akwai ƙaramin masallaci mai sunan Addas da wani da ake kira Ku'u. Gine-ginen daga baya aka yi su, kuma babu wata ibada ta musamman da aka shar'anta a wurin, tunawa ce da ɗaukar darasi. Minti 40 ya ishe ku.

Daga nan ku yi Azahar a masallacin Abdullahi ɗan Abbas da ke tsakiyar gari. A Ɗa'ifa ya rasu, a shekara ta 68 bayan Hijira. Tsohuwar kasuwa tana kusa, amma shaguna da yawa suna rufewa da tsakar rana, sai bayan La'asar take cika. Fadar Shubra, wadda aka gina a farkon ƙarni na 20 kuma Sarki Abdul'aziz ya zauna a cikinta, ta cancanci tsayawa ko don tagoginta na katako, sai dai ku bincika ko a buɗe take a ranar. Mai son tsohon tarihi ya je madatsar ruwa ta Saisad, inda rubutun da ke jikin dutse ya nuna an gina ta ne don Mu'awiya a shekara ta 58 bayan Hijira.

Lambun Ruddaf, a kudancin gari, ku bar shi sai La'asar. Da rana fili ne mai zafi da manyan duwatsu, da yamma kuma iyalai ke cika shi, kuma a nan aka saba yin bikin wardi a lokacin furensa. Kasuwar Ukaz tana da nisa daga gari, kusan kilomita 40, ba za ta shiga kwana ɗaya tare da sauran ba. Haka ma Hada da Shafa, ɗaya tana yamma ɗaya tana kudu, ku zaɓi guda. Idan za ku yi harama a hanyar dawowa, ku ware mata aƙalla minti 45 a miƙati, domin bayan Magariba layin wanka yakan yi tsawo.